Ƙugiyar da Hajiya ta ce in cire

Talata. Tun bayan sallar asuba nake kan sitikar kwalaben humrar Hajiya. An bar mana wuta har ƙarfe goma, na samu na yi nisa kafin Ilham ta tashi da rigimarta.

Tun makon jiya Hajiya ta turo min hoton bangon mujallar Vogue ta WhatsApp, ta ce irin wannan rubutun take so, mai aji. Na san abin da take nufi: haruffan nan da sandarsu ta tsaye ke da kauri, ta kwance kuwa siririya kamar silin gashi. Firmin Didot a Faris da Giambattista Bodoni a Parma ta Italiya su suka kai salon ga kamala a ƙarshen ƙarni na 18, lokacin da takarda ta yi santsin da za ta ɗauki layi siriri haka bai yanke ba. Sama da shekara 200 ke nan, amma har yau in kaya na tsada ne su ake nema. Ni ma ina ƙaunarsu ƙwarai. Sukan cika ido ba tare da hayaniya ba.

To, samfurin haruffan da na saya da kuɗina ba shi da Ƙ. Ina rubuta "Ƙamshi" sai kwamfuta ta aro wata Ƙ daga wani wuri, ƙatuwa mai jiki ɗaya, ta tsaya a gaban sauran kamar wadda ta zo biki ba ta ɗinka anko ba. Sai na zauna na zana tawa. Hannun K na sama shi ne siririn, daga nan ƙugiyar za ta fito, ta lanƙwaso a hankali, ta ƙare da ɗan dunƙule irin na kan harafin r. In ta yi kauri ta danne harafin, in ta yi siriri ta ɓace. Awa biyu cur ina matsa ta nan da can. Da ta zauna daidai, wallahi sai da na kira Sadiya daga kicin ta zo ta gani.

Bayan la'asar Hajiya ta iso. Ta sa tabarau ta daɗe tana kallo.

"Masha Allah, ɗiyata, ya yi kyau. Amma wannan abin da ya lanƙwaso a kan K ɗin, cire min shi."

Na ce, "Ranki ya daɗe, ai ƙamshi ne. Haka ake rubuta shi."

"Wa zai gani bai gane ba? Ko a waya wa ke sa shi? Masu sayen kayana na Abuja da Legas sai su ɗauka inji ne ya yi kuskure."

Na ce mata ai baki daban, baƙi daban. Ta yi dariya ta ce ita turare take sayarwa, ba makaranta ta buɗe ba. Ba da faɗa ta faɗa ba, kuma kayanta ne, kuɗinta ne. Na ce to.

Amma tun da ta fita maganar nan ta kuskuren inji take min yawo a kai. Sai da na yi magariba sannan abin da ya kamata in faɗa mata ya zo min. Sunan turaren Lancôme na ɗauke da 'yar hularsa a kan o. Na Hermès ma na da tasa alamar a kan e. Matan da Hajiya ke tsoro suna sayen su da kuɗi mai yawa, ba wadda ta taɓa cewa tawada ce ta ɗiga, ƙarin daraja ma suke gani a ciki. Me ya sa tamu ce kaɗai za ta zama aibi? Abin ya yi min ciwo, har da kasancewar wanda ya zana haruffan tun farko bai ma san muna nan ba.

Gwajin da na aika madaba'a ma ya dawo. A ruwan zinare, ƙananan rubutun ƙasan kwalba duk siraran layukan sun kakkarye. Abin da ya sa ke nan Jonathan Hoefler, da ya zana wa mujallar Harper's Bazaar nata salon haruffan Didot a 1991, ya yi shi kashi-kashi, kowane girma da kaurin silinsa. Gobe sai in ƙara wa ƙananan jiki.

Shinkafa da wake. Umma ta bugo, ƙafar da sauƙi.

Na ajiye aikin kashi biyu, mai ƙugiya da marar ƙugiya. Da safe zan tura mata duka, da hoton kwalbar Lancôme ɗin Sadiya a tsakani. Ilham ta yi barci a kan cinyata, ban ma kashe kwamfutar ba tukuna.