Yadda muka kai awon jini majalisa

Rasuwar abokinmu direban tirela ce ta farkar da mu. Ranar Laraba muna tare da shi a majalisa bayan Isha'i, yana ta tsokanar mai shayi. Ranar Juma'a da asuba ya yanke jiki ya faɗi a wajen alwala, ɓarin jikinsa ya shanye, kwana uku Allah ya karɓi abinsa. Ko hamsin bai cika ba. A zaman makoki ne ƙaninsa yake gaya mana an taɓa ce masa yana da hawan jini, ya sha magani wata guda, ya ji garau, ya watsar.

A unguwarmu mace tana zuwa awon ciki, tana kai yaro rigakafi, ko ba komai an sha ɗaura mata abin awo a hannu. Namiji kuwa sai an kwashe shi ranga-ranga. Kansa ya sara, ya tsaya kemis ya sayi Panadol, ya kora da ruwan leda, magana ta ƙare.

Muka yi karo-karo muka sayi na'urar awo mai batir. Wani ɗan unguwarmu ma'aikacin jinya ya koya mana aikin: mutum ya zauna minti 5 ya huta, ya jingina bayansa, ƙafafu a ƙasa, hannu daidai saitin ƙirji, ba surutu, kuma ba shayi ko sigari rabin awa kafin nan. In lamba ta kai 140/90 a sake aunawa wata rana, don awo ɗaya ba ya yanke hukunci. In ta kai 180/120, ba jira, sai asibiti. Ya kuma ja mana kunne cewa mu masu awo ne kawai, rubuta magani aikin likita ne.

Ranar farko muka tafka kuskure. A kan tabarma muka yi, gaban kowa, ina karanto lamba da ƙarfi kamar mai shelar gwanjo. Wani dattijo sa'an mahaifina ya miƙo hannu, aka samu 170/100. Sai wani mai bakin tsiya ya ce, "Baba, ko amarya ce ta jawo?" Aka fashe da dariya. Ya gyara hularsa ya tashi, bai sake leƙo mu ba. Mako na gaba mutum uku kacal suka yarda aka auna su.

Dole muka koma soron gidana, mutum ɗaya-ɗaya, littafin yana hannuna ni kaɗai. Liman ya yi sanarwa bayan Magariba, kuma shi ya fara shiga. Wannan ya fi duk surutun da muka yi tasiri.

Ashe awo shi ne mai sauƙin. Aikin yana wajen ɗorewa da magani. Wasu kuɗi ne babu, muka buɗe musu ɗan asusu. Wasu kuma dalilinsu sai an keɓe ake jinsa: wai maganin yana kashe wa namiji ƙarfi. Ma'aikacin jinyar bai ƙaryata su kai tsaye ba. Ya ce akwai irin da kan yi wa wasu haka, sai a gaya wa likita ya canza, amma hawan jinin da aka bari, da ciwon suga, su ne kan gaba wajen lalata jijiyoyin da ake jin tsoron rasawa. Daga ranar aka rage noƙewa.

Ni ma ban tsira ba, 150/95 aka samu, sau biyu. Da na je gida da labarin cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin mutum ya kai giram 5 a yini, wato bai cika ƙaramin cokali ba, har da na cikin dunƙule da yajin tsire, uwargida ta dube ni ta ce, "Maigida, ai kai ne kullum mai cewa miya ta yi lami." Ban ce uffan ba.

Dattijon nan kuwa, bayan kusan wata biyu, na fito daga masallaci da asuba na tarar da shi a ƙofar soro, ya riga ya naɗe hannun rigarsa. Ya duba hagu da dama, ya ce, "Ɗana, ɗauko abin nan naka, kafin mutane su fito."