Daga Bakassi zuwa Katari: barazanar da ba ta da tuta

Tsarin tsaron duniya da aka kafa a 1945, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, an gina shi ne domin hana wata ƙasa far wa wata, kuma ta wannan fuska ya taɓa yi mana rana. Rikicin Bakassi tsakanin Najeriya da Kamaru ya kai ga musayar wuta, amma Kotun Duniya ta yanke hukunci a 2002, aka kammala miƙa wa Kamaru yankin a 2008, saboda kowane ɓangare yana da gwamnatin da za ta sa hannu a takarda, a kuma tuhume ta idan ta saɓa alkawari. Yaƙi tsakanin ƙasashe bai kau ba; mamayar da Rasha ta yi wa Yukren a 2022 ta isa shaida, har manomin masara a Saminaka ya ji raɗaɗinta a farashin taki.

Sai dai abin da ya fi hana mu barci a Kaduna ba shi da tuta, balle jakada. Bayan faɗuwar Gaddafi a 2011 makaman Libiya sun malalo cikin Sahel, arewacin Mali ya kama da wuta a 2012, tun daga nan kuma bindiga ta yi arha a dazukan da suka haɗa Nijar da Zamfara da Birnin Gwari. Mutanen da suka dasa bam a layin dogon Abuja zuwa Kaduna kusa da Katari ranar 28 ga Maris 2022, suka kwashe fasinjojin jirgin ƙasa zuwa daji, babu adireshin da wata kotun duniya za ta aika musu da sammaci. Wayar salula ma ta zama kayan aikinsu, da ita ake cinikin kuɗin fansa, shi ya sa aka katse layukan sadarwa a wasu ƙananan hukumomin jihar a 2021, matakin da a ganina ya fi takura wa ɗan kasuwa fiye da ɗan bindiga.

Abin takaici shi ne, daidai lokacin da maƙwabta suka fi bukatar musayar bayanan sirri, a lokacin ne suka juya wa juna baya. Mali da Burkina Faso da Nijar sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025, Nijar ta kuma sanar da janyewa daga rundunar haɗin gwiwa ta yankin Tafkin Chadi, alhali iyakarmu da ita ta kai kusan kilomita 1,500, mai safarar makamai kuwa a kan babur yake ratsa ta da daddare.