Ƙararrawar Tsaron Gida: Inda Ha'incin 'Yan Talla Yake Shigowa

A Amurka, daga watan Mayu zuwa Agusta, kamfanonin ƙararrawar tsaro kan kwashi samari, yawancinsu ɗaliban jami'a da ke hutu, su watsa su unguwa-unguwa suna ƙwanƙwasa ƙofa. Jihar Yuta ce ta yi suna a wannan salon talla, can ne kamfanin Vivint ya girma a garin Provo. Galibin yaran ba su da albashi, la'ada kawai suke ci. Duk wanda bai san yadda kuɗi ke yawo a sana'ar ba, ba zai gane dalilin da ya sa ƙarya ta yi yawa a bakin ƙofa ba.

Kayan da ake kafawa ba su ne ribar ba. Uwar na'ura ce, wato akwatin da ke haɗa komai, da 'yan maƙalen ƙofa biyu ko uku masu gane in an buɗe ƙofa ko taga, da idon motsi ɗaya, da jiniya, kuma sau da yawa akan ce kyauta ne. To, banza ba ta kai zomo kasuwa. Hajar gaskiya ita ce kuɗin sa ido na wata-wata, wato na cibiyar da ke karɓar saƙon na'urar, wanda mai gida zai sa hannu ya ɗaure kansa da shi na wata 36, wani lokaci har 60. A ce dala 45 ne a wata: a wata 60 ya kama dala 2,700. Ita kanta takardar yarjejeniyar abin sayarwa ce. Ƙaramin dillali yakan miƙa ta ga babban kamfani a kan ninki 30 ko fiye na kuɗin watan, wato wajen dala 1,350 a wannan misali, tun mai gida bai biya wata na biyu ba. A ciki ake cire la'adar yaron da ya kawo cinikin, kuma in mai gida ya fasa da wuri, a karɓe ta. Shi ya sa ɗan talla yake nacewa a zo a kafa kaya a ranar, ko da bayan faɗuwar rana ne. Ya san mutum na jin nauyin fasa ciniki in an riga an huda masa bango.

Dabarar da ta fi muni ita ce ƙwace kwastoman wani. Ɗan talla ba ya wahalar da kansa da gidan da ba shi da ƙararrawa. Gidan da ke da ɗan allon wani kamfani a kafe a farfajiya yake nema, don an riga an yi masa rabin aiki: mai gidan ya saba da biyan kuɗin wata. Sai ya yi sallama ya ce, "Sannu da gida, Baba. Kamfaninku ne ya turo mu mu sabunta muku na'ura." Ko ya ce kamfanin ya durƙushe, ko kuwa nasu ya saye shi. A 2022 irin waɗannan sun samu abin fakewa, domin kamfanin waya na AT&T ya kashe layin 3G a watan Fabrairu, Verizon kuma a ƙarshen Disamba, kuma da gaske ne tsofaffin na'urori masu yawa sun daina iya aika saƙo. Amma gyaran bai wuce a canja ɗan sashen da ke aika saƙon ba, ba sai an ƙulla sabuwar yarjejeniya ta shekara biyar da wani kamfani daban ba. Bayan wata guda sai takardun biyan kuɗi biyu su iso. Tsohon kamfani bai san an yi ba, kuma in Baba ya ce zai fita, a nuna masa inda ya sa hannu cewa zai biya kashi 75 cikin 100 na sauran watanni, a wasu kamfanonin ma duka. Tsofaffi masu zaman kaɗaici ne suka fi faɗawa wannan rami.

Kamfanoni kan kare kansu da cewa ai suna kiran kowane sabon kwastoma a waya, su naɗi muryarsa yana cewa ya gane wannan wani kamfani ne daban. A ganina wannan kariya ba ta da nauyi muddin ɗan tallar yana tsaye a kansa yana ce masa, "Duk abin da suka tambaya ka ce e, ƙa'ida ce kawai." Kiran da ke da amfani shi ne wanda aka yi bayan ɗan talla ya bar gidan.

Ba zargin kishiyoyi ba ne kawai, maganar ta sha zuwa gaban hukuma. A watan Afrilun 2021 Vivint ya amince da biyan dala miliyan 20 a ƙarar da hukumar kare masu saye ta tarayya, FTC, ta taso. Zargin shi ne, in bayanan bashin kwastoma ba su kai a ba shi kaya bashi ba, sai ɗan talla ya lalubo wani mai suna iri ɗaya ko makamanci ya yi amfani da nasa, ko ya liƙa sunan wani a matsayin mai tsaya masa ba da saninsa ba. Mutum yana zamansa sai ya ji masu karɓar bashi na nemansa a kan na'urar da bai taɓa gani ba. A watan Fabrairun 2023 kuma, wata kotun tarayya a Charlotte, jihar Karolina ta Arewa, ta ce Vivint ya biya kishiyarsa, kamfanin CPI Security, dala miliyan 189.7 saboda yaudarar kwastomomin CPI. ADT, wani babban kamfanin ƙararrawa, shi ma bai tsira ba: a 2014 FTC ta tuhume shi da biyan wasu mutane kuɗi su fito a talabijin da rediyo suna yabon kayansa kamar masana ne masu zaman kansu.

Mai sayarwa na kirki ana gane shi ne tun kafin a zo maganar farashi, domin sai ya zagaya gidan. Zai ƙirga kowace ƙofa da tagar da mutum zai iya kaiwa daga ƙasa, har da ƙofar da ta haɗa gareji da cikin gida, wadda aka fi mantawa. In gida na da ƙofa uku da taga goma sha ɗaya, kunshin "kyauta" mai maƙale uku ya bar wuri goma sha ɗaya a buɗe, kuma dole a faɗa wa mai gida haka ƙarara, a rubuta masa kuɗin cikon.

Maƙalen ƙofa abu biyu ne, maganaɗisu a jikin ƙyaure da ɗan makunni a jikin firam. Tazarar da ke tsakaninsu in ta wuce santimita ɗaya zuwa biyu sai ya fara ƙararrawar ƙarya, kuma a ƙofar ƙarfe tazarar tana ƙara raguwa don ƙarfen na janye ƙarfin maganaɗisun. Ana sa masa ɗan matashin roba, ko a sayi mai faɗin tazara. Idon motsi zafin jiki yake gani yana giftawa. Ana kafa shi a kusurwa, sama da mita biyu kaɗan daga ƙasa, yana kai wa kimanin mita 12, kuma ya fi kama wanda ya gifta ta gabansa a kan wanda ya nufo shi kai tsaye. Kada ya kalli taga mai hasken rana ko bakin na'urar ɗumama ɗaki. Wanda aka ce ba ya kula dabbar gida yana da iyakar nauyi a rubuce, kuma kyanwar da ta haye kan kujera ko matakala a gabansa tana iya tada shi komai ƙanƙantarta. Mai jin fashewar gilashi kuwa labule mai kauri yana toshe masa kunne. Duk waɗannan ɗan talla ya san su, ko ya kamata ya sani, amma faɗinsu na rage saurin ciniki.

Sai batir. Na cikin akwatin yawanci mai bolt 12 ne, yana yin shekara uku zuwa biyar a inda wuta ke tsayawa. Mu da muke inda ake ɗauke wuta kullum, wanda ya ce maka zai kai haka bai gaya maka gaskiya ba, don yawan zuƙewa har ƙasa yana kashe irin wannan batir da wuri. A tambaya tun farko: wa zai canja shi, kuma a aljihun wa?

Alkawarin da aka fi yi ba tare da iko ba shi ne "'yan sanda za su iso cikin minti biyar". Abin da ke faruwa shi ne, na'ura ta jira daƙiƙa 30 ko makamancin haka ko mai gida ne ya shigo, ta aika saƙo cibiyar sa ido, cibiyar ta buga wa mai gida waya, sau da yawa har lamba biyu, sannan ta sanar da 'yan sanda. Su kuma sun san fiye da kashi 90 cikin 100 na irin wannan kira na ƙarya ne. Birnin Salt Lake tun shekarar 2000 ya daina tura 'yan sanda sai wani ya tabbatar da cewa an fasa gidan. Garuruwa da dama na neman mai gida ya yi wa ƙararrawarsa rajista, kuma suna cin tararsa in ta yi ta ihun banza. A bayan takardar yarjejeniya kuma akwai sakin layi da ke cewa kamfani ba inshora ba ne, in aka yi sata abin da zai biya bai wuce 'yan ɗaruruwan daloli ba.

Dokar tarayyar Amurka ta ba wanda aka yi wa talla a gidansa damar fasa ciniki har zuwa tsakar daren ranar aiki ta uku, kuma Asabar na cikin lissafi. Wajibi ne ɗan talla ya faɗi wannan da bakinsa, ya kuma bar kwafi biyu na takardar fasawa. Kafa kaya a ranar ba ya soke wannan dama. A Birtaniya kwana 14 ne. Tun da aka koma sa hannu a fuskar kwamfutar hannu, mutane da yawa ba sa ganin komai sai inda aka nuna musu da yatsa, don haka a nemi a turo cikakken kwafi kafin a taɓa, a duba tsawon wa'adi, da jimillar kuɗi, da ko tana sabunta kanta in wa'adin ya cika, da abin da zai faru in an tashi daga gidan.

In akwai kyamara a cikin kunshin, aiki bai ƙare da tafiyar mai kafawa ba. A 2021 an ɗaure wani tsohon ma'aikacin ADT a yankin Dallas wata 52, bayan ya amsa cewa ya riƙa saka adireshin imel ɗinsa a asusun kwastomomi wajen 200 yana leƙen cikin gidajensu. Don haka a ranar da aka gama kafawa, mai gida ya buɗe manhajar, ya shiga jerin masu izini, ya goge duk sunan da bai sani ba, ya canja kalmar sirri da lambar da ake dannawa a bakin ƙofa.