Tarihin Rayuwata, Kashi Na 11: Ido Ne Ya Tafi, Ƙafa Tana Nan

A makon jiya na tsaya ne a inda aka tura ni sashen ido bayan na gama karatun jinya, kuma na yi alkawarin zan bayyana abin da ya sa na bar ɗakin tiyata na koma koya wa makafi tafiya da sanda, lamarin da har yau wasu daga cikin dangi ba su yafe mini ba. Wannan bayani ba zai yiwu ba sai na koma kan Baffa.

Hawan jinin ido ne ya cinye wa Baffa gani. Wannan ciwo a mafi yawan lokuta ba ya zuwa da zafi ko jan ido. Ruwan da ke cikin ido ne yake kasa fita yadda ya kamata, matsinsa ya hau, ya riƙa danne jijiyar da ke kai gani zuwa ƙwaƙwalwa har ta mutu a hankali. Daga gefe yake fara ci, ya bar wa mutum tsakiya, shi ya sa Baffa ya daɗe yana karatu da idonsa alhali yana tuntuɓe da abin da aka ajiye kusa da ƙafarsa, mutanen gida kuma suna cewa tsufa ne. Abin da jijiyar ta rasa ba ya dawowa. Sa'ad da aka kai shi asibiti an riga an makara. Likita ya haska, ya auna, ya rufe fayil, ya dubi Yaya ya ce: "Ku mayar da shi gida, babu abin da za a iya yi masa." Ina tsaye a bakin ƙofa riƙe da takalman Baffa, lokacin ina 'yar makaranta, kuma na lura cewa ko sau ɗaya likitan bai yi magana da Baffa kansa ba.

Aka mayar da shi gida, Goggo ta shimfiɗa masa a ɗaki, ta hana shi tashi. Allah ya ji ƙan Goggo, ƙauna ce ta sa ta, ban taɓa shakkar haka ba. In ya miƙe sai ta ce ya zauna kada ya faɗi, in yana son ruwa a kawo masa, in zai zagaya a kira yaro ya kama bakin sandarsa ya ja shi. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana yawo da ƙafarsa, wanda ba a taɓa yin sha'ani a dangi ba tare da an gan shi ba, ya koma jiran wanda zai tuna da shi. A nan ne ya fara faɗin maganar da ta bi ni har tsufana: "Ido ne ya tafi, ƙafa tana nan." Yakan faɗa wa Goggo, ya faɗa wa Yaya, ya faɗa wa baƙin da suka zo gaishe shi, kowa ya ce Allah ya ƙara haƙuri. An ɗauke ta a matsayin ƙorafin tsoho, alhali roƙo yake yi a bar shi ya tashi. Shekaru suka wuce yana zaune, har ƙafar da yake alfahari da ita ta yi sanyi saboda rashin takawa, kuma a ƙarshen rayuwarsa ya daina faɗin maganar domin ta daina zama gaskiya.

A sashen ido aikina na farko shi ne gwada ƙarfin gani. Ina tsayar da mutum nisan mita 6 daga allon haruffan nan da wani likita ɗan ƙasar Holan mai suna Herman Snellen ya ƙirƙiro a 1862, in rufe masa ido ɗaya, in riƙa nuna layi yana karantawa. In ya kasa ganin babban harafin sama sai in matso da shi, in kuma ko a mita 3 bai gani ba da idonsa mafi lafiya, sai in rubuta cewa ganinsa bai kai 3/60 ba, wanda shi ne ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya take kira makanta. Daga hannuna ya wuce wurin mai gwada tabarau, daga nan wurin likitan ido. Ba zan taɓa rage darajar waɗannan mutane ba. Na tsaya a gefen likita yana cire yanar ido ya sa ƙwayar roba, washegari na ɓare bandeji da hannuna, tsohuwa ta fashe da kuka tana kiran sunayen jikokinta. Na ga an gyara fatar idon da amosanin ido ya lanƙwasa har gashinta yana gogar baƙin ido. A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ta ce aƙalla mutum biliyan 2.2 ne ke da matsalar gani a duniya, kuma aƙalla biliyan 1 daga ciki da an hana aukuwar matsalarsu ko kuma har yanzu ba a kula da ita ba. Saboda haka aikin likita da mai tabarau shi ne kan gaba.

Amma a kowane mako akwai waɗanda magani da wuƙa ba su da abin yi musu, kuma a kansu nake sake jin maganar da aka faɗa wa Yaya, daga bakin likitoci nagari waɗanda nake girmamawa. Su ido suke nufi, iyalin kuma mutumin suke ji. Sai in bi su da kallo suna fita, ɗan yana gaba yana jan hannun uban, in san ɗakin da za a kai shi, in san abin da zai riƙa faɗa a cikinsa.

Wata dattijuwa ce da ta zo horar da ma'aikata ta nuna mini cewa akwai aikin da ke farawa daga inda likita ya tsaya. Ranar farko ta ɗaure mana idanu da ƙyalle, ta ba mu doguwar farar sanda, ta ce mu nemo ƙofa. Daga bakinta na fara jin sunan Richard Hoover, wanda a 1944 yake aiki a asibitin sojoji na Valley Forge a Amurka, inda ake kawo samarin da suka rasa idanunsu a Yaƙin Duniya na Biyu. Shi ne ya ga cewa gajeriyar sanda mai nauyi ta dogarawa ba ta gaya wa mutum abin da ke gabansa, ya tsara doguwa marar nauyi da kuma hanyar kaɗa ta. Zuwa 1960 har an fara koyar da wannan aiki a matakin jami'a a Boston College. Da na ji waɗannan shekaru sai zuciyata ta ɓaci, domin na lissafa na ga cewa lokacin da Baffa yake zaune yana cewa ƙafa tana nan, ilimin da zai tayar da shi ya riga ya tsufa a duniya, mu ne dai bai iso gare mu ba.

Da na sanar da gida cewa zan bar tiyata in koma wannan fanni, Yaya ya kira ni ya ce: "Duk wahalar da aka sha a kan karatunki, a ƙarshe ki zama 'yar jagora?" Na ce: "Yaya, ka yi haƙuri, aikina shi ne in sa makaho ya daina buƙatar ɗan jagora." Ya ce magana ce kawai. Ya yi shekaru in an tambaye shi aikina sai ya ce ina asibiti, ya sauya zance. A nan dole in tsallaka gaba in faɗi wani abu, ko da zai karanta. Hawan jinin ido yana bin jini, kuma haɗarinsa yana ƙaruwa bayan shekara 40, don haka na matsa wa duk 'ya'yan Baffa sai da kowa ya je aka auna shi. A cikinmu Yaya ne aka samu matsin idonsa ya wuce 21, iyakar da ake ɗauka ta lafiya, jijiyarsa kuma ta fara taɓuwa. Yau yana ɗiga magani kullum, yana karatu da idonsa, yana tuƙa motarsa. Ni na ja shi zuwa wurin awon yana faɗa, kuma har yanzu bai janye waccan magana ba.

Mutane suna zaton koyar da tafiya miƙa sanda ne. Ba na ba wa ɗalibi sanda a farkon haɗuwarmu. A cikin ɗakinsa muke farawa, ya koyi bin bango da bayan yatsunsa, ya koyi ɗaga hannu a gaban fuska don kada ya yi karo da ƙofar da aka bari a buɗe, ya san taku nawa ne daga gado zuwa bakin ƙofa. Sannan in koya masa yadda zai riƙe mai gani in ya buƙata: shi zai kama hannun mutumin sama da gwiwar hannu kaɗan, ya kasance rabin taku a baya, ta yadda jikin mai rakiya zai gaya masa an hau ko an sauka kafin ƙafarsa ta kai. Ba a jan makaho, ba a tura shi ta baya. Bayan haka ne sanda take shigowa, wadda tsawonta yakan kai tsakiyar ƙirji. Hannu yana tsakiyar jiki, wuyan hannu kaɗai ke motsi, bakin sanda yana kaiwa dama da hagu ya ɗan wuce faɗin kafaɗu. In ƙafar hagu ta taka gaba, sanda ta taɓa dama, wato ta duba wurin da ƙafar dama za ta sauka kafin ta sauka. Wannan daidaito kaɗai yakan ɗauki makonni kafin ya zauna a jiki.

Sanda tana ba da labarin taku ɗaya ne kawai, sauran kuma aikin kunne ne da fata da tunani. Ina koya wa ɗalibi ya ji bambancin sautin takunsa a kusa da bango da kuma a fili, ya san gabas daga ɗumin rana a kuncinsa da safe, ya gane mararraba daga yadda iska ta buɗe, ya saurari motocin da ke tafiya gefe da gefe da shi don ya miƙe hanyarsa da su. Tsallaka titi shi ne darasi na ƙarshe, kuma ina tsayawa a bayansa hannuna a shirye amma ba na taɓa shi. A wasu biranen duniya an sauƙaƙa wannan da daɓe mai ƙuraje da layuka da ƙafa ke ji, wanda Seiichi Miyake ya ƙirƙiro aka fara shimfiɗawa a birnin Okayama na Japan a 1967. Inda babu shi, dole ɗalibi ya haddace alamominsa da kansa. Da yawa daga cikin waɗanda ake kira makafi kuma suna da sauran gani, ko haske ko inuwa ko wani ɗan lungu, kuma akwai ma'aikacin da aikinsa shi ne ya koya musu amfani da wannan saura ta hanyar gilashin ƙara girma da gyaran haske. Rubutun ɗigo shida na Louis Braille da wayar da ke karanta wa mutum saƙo da murya, su ma suna da nasu malaman.

Iyali sun fi ɗalibi wuyar koyarwa. Na yi aiki da wani malamin makaranta da ciwon suga ya lalata masa bayan ido, mutum mai saurin fahimta, amma duk sa'ad da na zo sai in tarar matarsa ta ɓoye sandar. Ta ce mini: "Malama, ina raye mijina zai fita yana lalube mutane suna kallonsa?" Da na dube ta Goggo na gani, shi ya sa ban yi fushi ba. Na zaunar da ita na ba ta labarin Baffa tun daga ranar asibiti har zuwa lokacin da ya daina cewa ƙafa tana nan. Sannan na roƙe ta abin da nake roƙon kowane gida: kada a sauya wa kaya wuri ba a gaya masa ba, ƙofa ta kasance a rufe ruf ko a buɗe gaba ɗaya, wanda ya shigo ya faɗi sunansa, wanda zai fita ya ce ya fita don kada a bar shi yana magana shi kaɗai. Ita da kanta ta fito da sandar daga ƙarƙashin gado. Mijin ya koma aji ya ci gaba da koyarwa har ya yi ritaya, kuma a duk abin da na yi a rayuwata ban san wanda nake alfahari da shi kamar wannan ba.

Abin da ya rage mini na takaici shi ne matsayin wannan aiki. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin masu buƙata ta musamman, a sashe na 20, ta ambaci koyar da dabarun zirga-zirga ga su kansu da ma'aikatan da ke aiki da su. Duk da haka na yi shekaru ba ni da gurbi a jerin ma'aikata, ana rubuta ni a matsayin mai taimako. Kowace ranar 15 ga Oktoba, ranar farar sanda, akan tara makafi a yi jawabi, a raba sanduna, a ɗauki hoto, a watse, ba wanda ya tambayi wa zai koya musu riƙe ta. Raba sanda ba tare da malami ba tamkar miƙa wa mutum alƙalami ne ba a koya masa rubutu ba. Na sha zuwa gidaje in tarar da waɗannan sanduna a jingine, ko ledarsu ba a cire ba, mai su kuma yana zaune a ɗaki kamar Baffa.

Wannan ne ya kai ni ofishin shugaban asibitinmu da buƙatu biyu, a ba ni ɗaki a jikin ɗakin likitan ido, kuma duk wanda ganinsa ba zai dawo ba a turo mini shi kafin ya bar harabar. Yadda muka kwashe da shi, da wanda ya tsaya mini a cikin likitoci, da wanda ya yi mini zagon ƙasa, shi zan kawo a mako mai zuwa in Allah ya kai mu.