Littafin da ya yi shekara uku ban rubuta komai a cikinsa ba

Na sayi littafin ne bayan rasuwar mahaifinmu, lokacin da ni da ƙannena muka zauna muna juya takardunsa, ba mu san kai ba, ba mu san gindi ba. Mutum biyu suka zo suka ce suna binsa bashi. Ba mu da hujjar gaskatawa ko ƙaryatawa, sai muka biya. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai hotunansa ne. A ɗaya, wani saurayi ya dafa kafaɗarsa suna dariya, kuma a cikinmu ba wanda ya san ko wane ne.

Ranar na ci alwashin ba zan bar wa 'ya'yana irin wannan duhu ba. Daga nan sai "gobe", sai "in na samu sarari", har shekara uku. Ba rashin lokaci ba ne. Tsoro ne: gani nake kamar rubuta wasiyya kiran ajali ne. Ga shi kuma ina kallon aikin a dunƙule, wasiyya da takardu da tarihin rayuwa gaba ɗaya, sai ya tsaya mini kamar dutse.

Wani dare 'yata ta ce, "Baba, yaya sunan kakarka ta wajen uba?" Na buɗe baki, sunan ya ƙi zuwa. A daren na ɗauko littafin, na ba kaina minti 15, na ce basussuka kawai zan rubuta: wanda nake bi, da wanda yake bina. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, amma ni sai ranar na yi aiki da ita. Ko shafi ɗaya bai cika ba. Da na rufe littafin, ji na yi kamar an sauke mini kaya.

Mako na gaba na rubuta inda kowace takarda take. Wasiyyar kanta sai da na nemi wanda ya san doka, domin sharuɗɗan shaidu da sa hannu sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Ban sa lambobin sirri a cikinta ba, na ware su daban, matata kaɗai ta san wurin. Na kuma gano cewa Google na iya goge asusun da ya shekara 2 ba a taɓa shi ba, alhali yawancin hotunan yarana can suke. Yana da tsarin da za ka zaɓi mutane har 10 da za a ba damar ɗaukar bayananka idan ka daɗe shiru. Na sa biyu.

Tarihin ne ya fi ba ni wuya, har na bar alƙalami na koma ɗaukar murya da waya. A nan na koyi cewa "ba ni labarin rayuwarki" ba tambaya ba ce. Mama murmushi kawai ta yi ta ce babu wani labari. Sai na miƙa mata hoton nan na ce, "Mama, wane ne wannan?" Ta daɗe tana kallonsa. Ashe aminin mahaifinmu ne na ƙuruciya, wanda ya yi jinyarsa wata biyu kafin a haife ni. Ta yi minti 40 tana magana, ban katse ta ba. Na ajiye muryar a wuri biyu, na rubuta sunan mutumin da fensir a bayan hoton.

Sauran hotuna bakwai ita ma ba ta gane kowa a ciki ba. Wadda za ta iya ganewa gwaggonmu ce, ita kuwa ta rasu a shekara ta biyu da littafin yake kwance a akwatina.