Sayen dukushi kafin ƙirarsa ta zauna

Sana'ata a Maraɗi ita ce sayen dukushi daga ƙauyuka, in yi kiwonsa, in hore shi, sannan in sayar wa masu hawan sallah. Wahalarta ita ce yau ake biyan kuɗi, amma dokin da aka saya ba ya bayyana sai ya kai shekara 5, lokacin da haƙoransa na girma suka gama fitowa, ƙashin bayansa kuma ya kusa ƙosawa.

Ɗan shekara ɗaya shi ne ya fi ruɗar mai saye. A lokacin ya riga ya kai kusan kashi 90 cikin ɗari na tsayinsa, sai dai gindinsa yakan riga kafaɗarsa tashi, wuyansa ya yi siriri, har mutum ya rantse ba zai yi kyau ba. Na taɓa barin wani baƙin dukushi a Tasawa saboda haka, bayan shekara 4 na gan shi ranar hawa ya zama kili, bayansa ya daidaita, kuma da farin goshinsa da shaidar mai shi na gane shi. Launi ma ba abin dogaro ba ne, domin kili da duhunsa ake haihuwarsa.

Abin da ba ya sauyawa sosai shi nake dubawa: kwanciyar kafaɗa, inda wuya ya fito daga ƙirji, da tsawon sangali, wanda tun haihuwa ya kusa kai iyakarsa. Ina kuma neman a nuna mini goɗiyar da ta haife shi.

Sannan tafiya. Dillalai sun san taƙama ce ke sayar da doki, don haka sukan kaɗa leda ko su buga gwangwani, dukushi ya ɗaga wutsiya yana tashi sama kamar ba ya taɓa ƙasa. Wannan firgita ce kawai. Turawan Jamus da Holan, masu kiwon dawakin wasan diresaj, wato gasar nuna horon doki da kyawun tafiyarsa, suna cewa horo yana gyara sassarfa, amma da wuya ya gyara tafiyar hankali, kuma abin da na gani a hannuna ke nan. Saboda haka nakan sa yaro ya ja shi da ragama a kan rairayi da sassafe, in tsuguna in duba sawun. Idan kofaton baya yana sauka gaban sawun kofaton gaba, sai in fara ciniki.