Inda na kwana a tara kaki da bajon sojojin kakkaɓo jiragen sama na da

Salam 'yan uwa masu wannan harka, musamman ku da kuka shigo kwanan nan kuna ta tambayar ta ina ake farawa. Ni dai yanzu na tattara hankalina waje ɗaya, sojojin igwa na Ingila masu kakkaɓo jirage tun daga Yaƙin Duniya na Ɗaya har ƙarshen yaƙin Hitila, da kuma namu na Afirka ta Yamma da suka yi irin wannan aiki a ƙarƙashinsu. Kayan Jamus na ajiye su gefe, jan ƙyallen wuyan nan nasu yana da kyau ba ƙarya, amma jabu ya cika kasuwarsu kuma kuɗin ba na mai koyo ba ne. Abin da ke hannuna a yanzu bajon hula ne na tagulla da na roba, da ƙyallayen hannun riga, sai riga guda ta ulu wadda ita ta fi cin lokacina a 'yan watannin nan.

Abin da nake so ya zauna muku tun yanzu shi ne bajon hula shi kaɗai ba ya gaya maka cewa mai shi ya taɓa harbin jirgi. Bajon Royal Artillery, wato rundunar igwa ta Ingila, ɗaya ne, igwa mai ƙafa, kambi a sama, kalmar Ubique a ƙarƙashin kambin, kuma shi kusan kowane sojan igwa yake sawa, da mai harbin tanka da mai tsaron bakin teku da mai kallon sama duk iri ɗaya. To in dillali ya ɗora maka shi ya ce wai na 'yan kakkaɓo jirgi ne don haka sai ka ƙara kuɗi, tambaye shi da me ya gane. Iyakar abin da bajon zai ba ka shi ne zamani. A tsofaffin bajo, kambin sarki mai tudu a sama na kafin 1953 ne, wanda samansa ya loɓa a tsakiya na zamanin sarauniya ne, ya fita daga lissafinmu. Na roba kuma na tsakiyar yaƙin ne, lokacin da tagulla ta yi wuya aka koma tsimi, sojoji ba su so shi ba amma mu yanzu muna sonsa saboda shi kansa shaida ne na shekarun.

Inda labarin yake a hannun riga ne. A Disambar 1935 aka kafa dibishan (wato babban rukunin sojoji) ta farko ta tsaron sama don kare Landan, ta biyu ta biyo baya a 1936, sai a 1939 aka haɗa su ƙarƙashin runduna guda mai suna Anti-Aircraft Command wadda Janar Frederick Pile ya riƙe kusan tun farkon yaƙin har 1945. Dibishan ɗin nan sai da suka kai 12 kuma kowace da alamarta ta ƙyalle, ta farko baƙin jirgi ne takobi ya soke shi, ta biyu mayya ce a kan tsintsiya wai suna share sama. A Oktoban 1942 aka rushe tsarin dibishan aka koma rukuni 7, daga nan alamar da ta game kowa ita ce jan ƙyalle mai kusurwa huɗu da baƙin baka an ɗana kibiya tana kallon sama. Ita ce ta fi sauƙin samu kuma da ita nake ba kowa shawara ya fara, illa dai ku sani rundunar ba a rushe ta ba sai 1955, saboda haka ba duk kwari da bakan da ka gani ba ne ya ga yaƙi, da yawa na bayan yaƙi ne. Akwai na saƙa akwai na bugu, ni na bugun nake fi so don an fi wahalar kwaikwayonsa da kyau, launin yana shiga cikin yadin har ka ga inuwarsa ta baya.

Yanzu maganar rigar. Gajeriyar rigar ulun nan ce mai tsayawa a ƙugu, kuma samfurinta ma yana magana. Ta 1937 maɓallanta a ɓoye suke aljihunta da naɗi, wadda ake kira ta 1940 ta tsimi ce, an cire naɗin aljihu maɓallai duk a waje, ta 1949 kuwa wuyanta a buɗe yake irin na kwat. Tawa ta tsimin ce. A cikinta akwai farin ƙyalle da aka buga girma da sunan kamfanin ɗinki da shekara, ga kuma hatimin gwamnati mai kama da kan kibiya, shekarar ta ɗan dushe amma ana karanta 1943. A hannu akwai kwari da baka, ƙarƙashinsa ɗan siririn ƙyallen nan rabi ja rabi shuɗi na sojan igwa da aka fara sawa a 1940, sai igiya biyu. Aikin da na yi ta yi shi ne gano ko alamomin nan tare suka tsufa da rigar ko kuwa jiya wani ya ɗinka su don farashi ya hau. Na juya hannun rigar na duba ɗinkin ta ciki, zaren auduga ne ya nutse cikin ulun, na ɗan ɗaga gefen ƙyallen a hankali sai na ga yadin da ke ƙarƙashi ya fi na kewaye duhu, rana ba ta ci shi ba, kuma ba wasu ramukan allura na tsohon ɗinki a gefe. Na kashe wuta na haska 'yar tocilan nan mai shuɗin haske da ake duba kuɗi da ita, farin zaren zamani yana ƙyalli sosai saboda sinadarin da ake sa masa, nawa bai yi ba. Amma kar ku ɗauki tocilan a matsayin alƙali, tsohon kaya ma in an taɓa wanke shi da omo zai yi ƙyalli, kuma mai jabu da ya san aikinsa tsohon zare yake nema. Shaidu ake tarawa, in uku huɗu suka yi baki ɗaya sannan hankali ya kwanta.

Kuma don Allah in ka samu riga da alamominta kar ka ɓalle su, wallahi abin nan yana ƙona min rai, sai ka ga an farke riga an sayar da ƙyalle daban riga daban don ribar 'yan kuɗi kaɗan, alhali haɗuwarsu ita ce tarihin.

Wani wajen da ke rikita mai koyo shi ne masu manyan fitilun haska sama. Su da injiniyoyin soja ne, Royal Engineers, sai a Agustan 1940 aka mayar da su ƙarƙashin sojan igwa, kuma wasu bataliyoyin sojan ƙasa da aka juya zuwa aikin fitila sun ci gaba da sa bajonsu na asali. Ɗan bajon gurneti mai harshen wuta duk ɓangarorin biyu suna da shi, ƙirga harsunan, bakwai na igwa ne tara na injiniya. Ga kuma matan ATS, reshen mata na sojan Ingila, da aka fara haɗawa da maza a wajen igwa a 1941, ciki har da Mary 'yar Churchill firaministan Ingila na lokacin, su ke riƙe da na'urar auna nisa da ta lissafi da rada, harbin ne kawai ba a ba su ba, suna sa gurnetin a ƙirji da farar igiyar kafaɗa. Rigarsu mai wannan haɗin tana da tsada, ni kallo nake yi tukuna.

Na Yaƙin Farko kuwa gajeren zance ne don kayan da kansu ba sa nuna komai. Lokacin da Zeppelin, jirgin balan-balan na Jamus, ya fara jefa bam a Landan a ƙarshen Mayun 1915 sojan ruwa ne ke tsaron sama, sai a Fabrairun 1916 sojan ƙasa suka karɓa, mutumin da ke kan igwar harafin RGA na tagulla, wato sunan reshensa na sojan igwa, ne a kafaɗarsa kamar kowane ɗan uwansa. Don haka a nan tsofaffin hotuna nake bi, in ka ga igwa a kafe a bayan babbar mota bakinta sama, ka samu abin da kake nema.

Abin da ya fi jan zuciyata dai namu ne. Mutane da yawa ba su san yaƙin sama ya iso wannan yanki ba. Tun 1940 aka riƙa haɗa jirage a Takoradi, a Ghana ta yau, a tashe su ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wato Njamena ta yau, su bi ta Sudan har Alƙahira, ga Freetown inda ayarin jiragen ruwa ke taruwa, duk wuraren nan sai da tsaro. A Janairun 1942 wani jirgin Jamus guda ɗaya ƙirar Heinkel ya taso daga kudancin Libiya ya jefa bam a filin jirgin Fort Lamy ya ƙone man jirage mai yawa. An horar da 'yan Afirka ta Yamma a kan igwa mai inci 3.7 da Bofors mai milimita 40, an fara a Freetown a 1941, daga baya aka kwashi wasunsu zuwa Indiya suka tsare filayen jirgi a Assam. To amma matsalar bajon hula ta sake dawowa, bajon RWAFF, wato rundunar Ingila ta Afirka ta Yamma, mai bishiyar kwakwa kowa shi yake da shi, gizo-gizon dibishan ta 81 ta Afirka ta Yamma da mashi biyu a kan gammo na ta 82 dibishan kawai suke nunawa, taurarin yaƙin da Ingila ta raba irin na Bama ba a rubuta suna a bayansu. Abin da ke raba gardama takarda ce, littafin albashi ko takardar sallama, nan ake rubuta lambar mutum da rundunarsa.

Shi ya sa nake roƙonku, wanda kakansa ɗan Bama ne ya je ya buɗe tsohuwar akwatin nan ta ƙarfe tare da iyayensa, in an ga takarda a ɗauke ta hoto gaba da baya, a bar lambobin tare da ita, kar a sayar wa kowa har ni. In akwai tsohuwa a gidan da ta san labari a zauna da ita a rubuta, wane aiki ya ce ya yi, ina ya sauka, wa ya dawo tare da shi.

Ajiya kuma a taƙaice. Asu ne babban abokin gaban ulu, ina sa kafur a cikin ɗan ƙyalle a kusurwar akwati ba ya taɓa yadin, da damina ina ƙara 'yan ƙunshin nan masu shanye danshi da ake samu cikin kwalin takalmi, kuma ba na rufe riga a leda don gumi take yi. Tagulla kar ka goge ta da man goge ƙarfe, duhun nan na shekaru shi ake so, busasshen burushi mai laushi ya isa. Sannan kaki na ajiya ne ba na sawa ba, a Najeriya farar hula ya sa kayan soja laifi ne, ko a hoto kar ka gwada.

Abin da ke gabana yanzu shi ne yi wa kowane abu ɗan kati, inda na same shi, me aka ce min a kansa, me na tabbatar da idona, kowanne a layinsa daban don kar zancen dillali ya gauraye da shaida. Bayan haka mayyar dibishan ta biyu nake nema, ta bugu in so samu ne. Wanda ya ci karo da ita ya turo min hoton bayanta tukuna kafin na gaba.